Yadda ake kallon Community Shield ba tare da ya yaudare ka ba

Cikin duk wasannin da nake haskawa a gidan kallona, babu mai jawo gardama kamar Community Shield, kuma babu wanda sakamakonsa ya kai nasa rashin amfani. Wata biyu da ɗoriya mutane na zaune babu Firimiya, ƙishirwar ƙwallo ta kama kowa, sai ga wasa ɗaya tak tsakanin zakaran lig ɗin Ingila da zakaran kofin FA. Kafin a tashi, wani ya riga ya miƙa wa ƙungiyarsa kofin Firimiya, wani ya kori kocinsa, wani kuma ya rantse ɗan wasan da aka sayo da tsada ba zai kai Disamba ba. Ni ina bakin ƙofa ina karɓar kuɗin shiga, duk ina ji. Kuma ni ne dai nake nan a watan Mayu, lokacin da masu maganganun suke cewa ba su tuna sun faɗa ba.

To ga yadda nake shirya wa wasan da yadda nake kallonsa. Mai gidan kallo zai samu nasa a ciki, mai zuwa ya biya ya zauna a benci ma haka.

Ka fara sanin dalilin da ya kawo ƙungiyoyin biyu fili. A ƙa'ida, wadda ta ci Firimiya ce take karawa da wadda ta ci kofin FA a kakar da ta wuce. In ƙungiya ɗaya ta haɗa biyun, sai a kira wadda ta zo ta biyu a lig. Haka aka yi a 2019, Manchester City ta share kofunan cikin gida, Liverpool ta shigo a matsayin ta biyu. Haka kuma a 2023, City ta sake haɗawa, aka kira Arsenal. Kofin Carabao, wato kofin lig, ba ya kai kowa wannan wasa, kar ka bari wani ya ruɗa ka. Wannan tambaya tana tasowa duk shekara, yawanci daga bakin wanda ƙungiyarsa Carabao ɗin kaɗai ta samu.

Sai dokokinsa guda biyu da suka bambanta shi da wasan lig. In an tashi canjaras a minti 90, ba a ƙarin minti 30, kai tsaye ake tafiya bugun fenariti. Sannan kowane koci yana da damar canza 'yan wasa har shida. Ka riƙe wannan na biyun da kyau, domin shi ne yake sa rabin sa'ar ƙarshe ta zama wani wasa daban, zan dawo kansa.

Maganar lokaci ba wuya. A watan Agusta agogon Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, in an ce ƙarfe uku a Wembley, filin Landan da aka saba buga wasan, ƙarfe uku ne a Kano da Maraɗi. Wanda yake Accra ko Kumasi ya rage sa'a ɗaya, wanda yake Sudan ya ƙara ɗaya. Amma kar ka ɗauka kullum ƙarfe uku ne. A 2024 da 2025 uku aka fara, a 2023 huɗu, a 2022 biyar. Wani lokacin Asabar, wani lokacin Lahadi. Ni ba na rubuta lokaci a allon ƙofa da alli sai ana saura kwana biyu, bayan na tabbatar. In ƙarfe uku ne, an yi mana gata, hutun rabin lokaci yana faɗowa daidai la'asar. Ina kashe sauti, a fita a yi salla a dawo, wanda ya bar hularsa a kan benci wurinsa yana nan. In huɗu ne, a yi salla kafin a shigo, ba na son ana tsallake ƙafafun mutane ana minti goma da farawa.

Abin da ya fi kama masu gidan kallo shi ne tasha. Wasan nan na FA ne, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, ba na kamfanin Firimiya ba, kuma haƙƙin nuna shi yawanci tare yake tafiya da na kofin FA. Ma'ana, don kana da tashar da take nuna Firimiya ba shi ne tabbacin za ka same shi a nan ba. Tun farkon mako ka duba jadawalin dikodarka, ka ga sunan wasan da idonka, ka ga lambar tashar. In kuɗin watanka ya ƙare lokacin hutu, kamar yadda da yawanmu muke barinsa ya ƙare don ba ciniki, ka biya tun Alhamis. Ranar wasa kowa yake rububin biya, kuma ranar ce hoto yake jinkirin dawowa.

Sannan ga damina. Agusta ne tsakiyar ruwa a wajenmu, hadari kuma yamma yake so. Da zarar gabas ta yi baƙi, hoto zai fara daskarewa, daga nan ya ɗauke. Ba abin da za ka iya yi wa sama, amma akwai abin da za ka iya yi wa kanka. Ka hau ka duba dish, domin iskar farkon damina tana karkatar da shi ba ka sani ba, ka ɗaure kusoshinsa, ka duba inda waya ta shiga ko ruwa na bi. Ka tada inji kwana ɗaya kafin wasa, ka bar shi ya yi aiki da talabijin da fanka duka a kunne, injin da ya yi wata biyu a kwance ba a yarda da shi. Ka sayi mai da safe. Ka ajiye waya mai caji da data ko ƙaramar rediyo, in hoto ya tafi aƙalla ka riƙa faɗa wa mutane abin da ake ciki. Kuma ka faɗi dokarka tun a ƙofa: ni a wajena in ruwa ya cinye fiye da rabin wasa, wanda ya biya zai shiga wasan farko na Firimiya kyauta. Faɗin wannan kafin a zauna ya fi a zo ana ja-in-ja da kai cikin duhu ruwa na zuba a kwano.

Shi ke nan na shiri. Yanzu kallon kansa.

Kamar sa'a guda kafin a take leda ake fitar da sunayen waɗanda za su fara. Wannan takarda ta fi sakamakon wasan gaya maka gaskiya. Ka duba su wa babu, ka tambayi kanka me ya sa. A shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya ko ta nahiyar Turai, manyan 'yan wasa ba su daɗe da dawowa hutu ba, wasu mako ɗaya kacal suka yi suna atisaye. A 2021 City ta fito da yara irin su Cole Palmer da Samuel Edozie a cikin sha ɗayan farko, Jack Grealish da aka sayo fam miliyan 100 daga benci ya taso. Leicester ta ci ɗaya da nema, Kelechi Iheanacho ne ya shigo, Nathan Aké ya kayar da shi, ya buga fenaritin da kansa a minti na 89 a ragar tsohuwar ƙungiyarsa. Mun yi murna ranar, ɗan ƙasa ne ya ci. Amma duk wanda ya kalli takardar sunaye ya san ba City ɗin gaske aka doke ba. Ita ce ta ɗauki Firimiya a ƙarshen kakar.

Koci a wannan rana kamar tela ne da ya kira ka gwajin ɗinki ana saura mako guda Salla: rigar ba ta gama ba, hannu ɗaya da zaren wucin gadi yake riƙe, so yake ya ga inda ta kama da inda ta yi yawa. Kai ma abin da za ka duba ke nan. Wa aka sa a gefen dama na baya, shi ne na bara ko sabo? In ƙungiyar ta karɓi ƙwallo daga mai tsaron raga, mutum nawa ne suke tsayawa a baya, biyu ko uku? Wa yake bugun kwana, wa yake tsayawa kan bugun tazara? In ƙwallo ta ƙwace musu, suna rufar wa abokin hamayya nan take ko komawa baya suke yi? Waɗannan abubuwa su ne za su bi ƙungiyar har cikin kaka, domin su aka yi wata guda ana koyarwa a filin atisaye. Ci ko rashin ci kuwa na ranar ne kawai.

Ka fi zuba ido a sa'a ta farko. Daga wajen minti 60 ake fara canji, uku a nan, biyu a can, kafin ka ankara rabin waɗanda suke fili ba su ne suka fara ba. Tsari ya wargaje, ƙafafu sun yi nauyi, ƙwallayen da ake ci a lokacin yawanci na gajiya ne da kuskure. Suna da daɗin kallo, ni ma ina tsalle, amma ba na gina hukunci a kansu.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne sabon ɗan wasa. A nan zan ɗan daɗe, domin 2022 ta ishi kowa darasi. A ranar 30 ga Yuli aka buga, a filin King Power na Leicester, saboda Wembley na shirin wasan ƙarshe na gasar matan Turai. City ta kawo Erling Haaland, Liverpool ta kawo Darwin Núñez, duk gari maganarsu ake yi. Haaland ya yi minti 90 kusan ba ya taɓa ƙwallo. Núñez ya taso daga benci, ya sa kai ƙwallo ta bugi hannun Rúben Dias aka ba da fenariti, Salah ya ci, sannan shi ma ya ci ta uku da ka. Ana dab da tashi, Adrián, mai tsaron ragar Liverpool, ya ture ƙwallon da Foden na City ya buga, ta faɗo gaban Haaland, raga a buɗe, tazarar ba ta fi taku shida ba, ya ɗaga ta ta bugi turken sama. Liverpool 3, City 1.

Ranar gidan kallona kamar zai tsage. Akwai wani yaro mai gyaran waya, ɗan Liverpool na gani-kashe-ni, ya hau kan benci yana cewa City ta sayo katako. Wani dattijo da yake zama kusa da ƙofa saboda iska, tsohon direba ne, ba ya goyon bayan kowa a cikin biyun, ya jawo rigarsa ya ce, “Sauko, ɗana. Kai ƙwallon da ya zubar ka gani. Ni sau nawa ya ruga bayan masu tsaron baya ba a ba shi ba nake ƙirgawa.” Yaron ya ce, “Haba Baba, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.” Dattijon bai ƙara ba, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Mako ɗaya bayan nan Haaland ya ci West Ham biyu. Ya gama kakar da ƙwallo 36 a Firimiya, abin da ba wanda ya taɓa yi a kaka ɗaya tun da aka fara gasar a 1992, City kuma ta haɗa lig da FA da kofin zakarun Turai. Núñez ya samu jan kati a wasansa na farko na lig a Anfield, da ya sa wa Joachim Andersen na Crystal Palace kai, ya ƙare da ƙwallo tara a lig, Liverpool ta zo ta biyar. Abin da dattijon nan ya yi shi ne abin da nake so ka koya. In sabon ɗan gaba ne, kar ka bi ƙwallo da ido, shi za ka bi. Ina yake tsayawa lokacin da ƙwallo take nesa da shi? Yana gudu a kan lokaci abokansa ne ba su saba da shi ba, ko shi ne bai san inda zai sa kansa ba? Na farkon mako biyu ko uku yake gyara shi. Na biyun yakan ci kaka guda.

Mu ma nan mun taɓa shiga irin wannan zumuɗi da namu. A 2016 Ahmed Musa, wanda muka sani tun yana Kano Pillars, ya koma Leicester daga CSKA Moscow. Kwanaki kaɗan kafin Community Shield ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunta, don haka ranar karawa da Manchester United ko wurin tsayawa babu a wajena, har 'yan United suna yi masa fata. Ya shigo bayan hutu, ya ja ƙwallo da gudun nan nasa, daga wannan farmakin ne Fellaini na United ya yi kuskuren mayar da ita baya, Vardy ya farke wa Leicester ƙwallon da Lingard ya ci. Ibrahimović ne ya raba gardama da ka, United 2, Leicester 1. Mun fita muna cewa bana Ingila za ta san Musa. Kakar ba ta zo masa yadda muka so ba, ya fi zama a benci. Gudunsa gaskiya ne, mun gani. Abin da minti 45 ba za su nuna maka ba shi ne ko koci zai samar masa gurbi a tsarinsa mako bayan mako.

Ka kuma sa ido a kan alƙalin wasa, wannan mutane kaɗan ne suke yi. Duk wani sabon umarni da aka ba alƙalai na kakar, a wannan wasa ake fara ganinsa a gaban jama'a. A 2013, wasan United da Wigan, a nan Ingila ta fara amfani da na'urar da take tantance ko ƙwallo ta haye layin raga, kafin a shiga da ita Firimiya. A 2023 aka ce a riƙa ƙirga duk lokacin da aka ɓata a mayar da shi, shi ya sa Leandro Trossard ya farke wa Arsenal a minti na 101, bayan wasu sun riga sun fita neman abin hawa. A wasan ne kuma aka ba Mikel Arteta, kocin Arsenal, katin gargaɗi don ya ɗaga hannu yana nema wa ɗan City kati. Wanda ya lura da waɗannan biyun ranar, bai yi mamakin ruwan katuna da dogon ƙarin lokaci da aka yi ta gani a makonnin farko ba. Mai gidan kallo ma ya ƙara lissafin mai.

Kar ka tashi kafin a gama, domin wasan nan yana son fenariti. Daga 2017 zuwa 2025 sau shida ana kaiwa can: 2017, 2019, 2020, 2023, 2024 da 2025. Na 2017 shi ne ya fi rikita mu. Victor Moses, wanda ya taso a Kaduna, ya ci wa Chelsea ana dawowa hutu, aka kori Pedro na Chelsea, Kolašinac ya farke wa Arsenal. Da aka zo fenariti sai aka gwada wani sabon tsari: ƙungiya ɗaya ta buga ɗaya, ɗayar ta buga biyu a jere, sannan ta farkon ta buga biyu. Rabin ɗakin suna ihu alƙali ya manta layi. Courtois, mai tsaron ragar Chelsea, ya karɓi ƙwallo ya aika ta sama, Morata da aka sayo a lokacin ya buga waje, Arsenal ta ci 4 da 1. Tsarin bai yi nisa ba aka watsar da shi. A wajen fenariti abin dubawa shi ne wa ya fito da kansa ya karɓi ƙwallo, wa ya noƙe a tsakiyar fili. Sauran kuwa rabo ne. Salah na Liverpool da kansa ya aika tasa sama a 2025, Dean Henderson, mai tsaron ragar Crystal Palace, ya tare biyu, Palace ta ɗauka.

Da an tashi, sai gardamar da ba ta ƙarewa. Ga abin da za ka riƙe a aljihu. Daga 2011 zuwa 2024 an buga wasan sau 14, kuma sau ɗaya tak wadda ta ci ta je ta ɗauki Firimiya a kakar, wato City a 2018, da ta doke Chelsea biyu da nema, Agüero ya ci duka. City ta sha kashi sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023, kuma duk ukun ita ta ci lig. Da ta ci a 2024, a kan United da fenariti 7 da 6, sai lig ɗin ya tafi Liverpool. David Moyes ya fara aiki a United da cin wannan wasa a 2013, Van Persie ya zura biyu, kafin ƙarshen Afrilu an sallame shi, ƙungiyar ta ƙare ta bakwai. Arsenal ta lallasa City 3 da nema a 2014, ta doke Chelsea a 2015, ba ta ga lig ba ko sau ɗaya a kakannin biyu. Wasu suna juya wannan lissafi su ce ashe cin wasan mugun baki ne. Wannan ma camfi ne. Ƙungiyoyi 20 ne a lig, biyu ne kawai suke wannan wasa, ɗaya kuma sau da yawa ba ta cikin masu neman lig ɗin tun asali.

Sai tambayar ko garkuwar da ake ba wadda ta ci kofi ne ko faranti. A wajena ƙa'idar 'yan kallo a bayyane take: in ƙungiyarka ta ci, kofi ne, in ta sha kashi, wasan sada zumunta ne. Mourinho, kocin United a lokacin, ya ƙirga shi. Da United ta ci kofin Europa a 2017, ya sa 'yan wasansa ɗaga yatsu uku, wato da shi da kofin lig da Community Shield, aka yi ta yi masa dariya. Ra'ayina shi ne, ya danganta da wanda ya ɗaga. Ga United da ta ɗauke shi sau 21 zuwa 2025, ko Arsenal sau 17, ko Liverpool sau 16, ƙari ne a kan tari, ba wanda zai riƙe aikinsa saboda shi. Ga Crystal Palace kuwa, da ba ta taɓa cin babban kofi ba sai FA na 2025 da Eberechi Eze ya ci mata City, dawowa Wembley bayan wata uku ta farke sau biyu a gaban zakarun lig ta kuma ɗauka, wannan abin a ba jikoki labari ne. Ka kalli fuskokin magoya bayansu a talabijin kafin ka ce faranti.

In gardama ta koma tarihi, kamar yadda takan koma in dattawa na nan, ga kaɗan da ba za su ba ka kunya ba. A 1908 aka fara, da sunan Charity Shield, tsakanin Manchester United da Queens Park Rangers. Aka yi 1 da 1 a Stamford Bridge, aka sake bugawa United ta ci 4 da nema. A shekarun farko ba kullum lig da FA ba ne, akwai shekarun da ake haɗa ƙwararrun 'yan wasa da masu buga ƙwallo don sha'awa. A da in an yi canjaras raba garkuwar ake yi, kowa ya riƙe wata shida, na ƙarshe da aka raba shi ne na Arsenal da Tottenham a 1991. A 1967 Pat Jennings, mai tsaron ragar Tottenham, ya buga ƙwallo daga gidansa ta tsallake kowa ta faɗa ragar United. A 1992 Cantona ya ci wa Leeds uku a ragar Liverpool, watanni kaɗan kafin ya koma United.

Wanda na fi son bayarwa shi ne na 1974, shekarar da aka fara buga wasan a Wembley. Duk mai cewa wasan wasa ne, a ba shi wannan. Liverpool da Leeds, koci Bill Shankly ya jagoranci Liverpool zuwa fili karo na ƙarshe, Brian Clough kuma sabon kocin Leeds ne, inda kwana 44 kawai ya yi. Kevin Keegan da Billy Bremner suka ba hamata iska a tsakiyar fili, aka kore su, kowanne ya tuɓe rigarsa ya jefar yana fita. Wasa 11 kowannensu ya rasa, da tarar fam 500. A wasan da aka shirya don sadaka ke nan.

Sadakar kuma gaske ce. Kuɗin da aka samu ana raba su ne ga ayyukan jinƙai da na unguwanni, ta hannun ƙungiyoyin da suka buga kofin FA. A 2002 aka canza sunan zuwa Community Shield, bayan hukumar da take sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta samu FA da rashin bayyana wa masu sayen tikiti nawa ne ainihin abin da yake zuwa sadaka. Arsenal ce ta fara ɗauka da sabon sunan, Gilberto Silva ya ci Liverpool, a Cardiff, domin daga 2001 zuwa 2006 can ake bugawa ana sake gina Wembley. A 2012 ma an kai shi Villa Park saboda wasannin Olamfik na Landan.

Mai gidan kallo kada ya ruɗe da na sauran ƙasashe wajen tsara jadawalinsa. Na Jamus har yanzu wasa ɗaya ne a Agusta, kafin a fara Bundesliga. Na Sifaniya ya tashi daga mabuɗin kaka tun 2020, ya zama na ƙungiyoyi huɗu a watan Janairu, yawanci a Saudiyya, Italiya ma ta bi sahu a 2024. Na Faransa yawo yake yi, an buga shi a Tanja ta Maroko, an buga a Libreville ta Gabon, an buga a Sin da Doha. In yaro ya zo a Agusta yana tambayarka yaushe Madrid da Barcelona za su buga nasu, ka ce ya dawo da sanyi.

Abu ɗaya da ba na bari a ɗakina ranar shi ne caca. Ban da haramcinta, wanda ya ishe ni dalili, wasan da koci zai canza mutum shida, a kuma ƙare shi da fenariti, ba wanda ya san inda zai faɗi. Wanda ya sa kuɗinsa kuma ba kallo yake yi ba, zagi yake yi, shi ne yake fara jifa da robar ruwa. Ina raba benci, magoya bayan wannan a dama, na wancan a hagu, 'yan ba-ruwanmu a tsakiya, su ne ma suka fi kowa tsokana. Yara ƙanana gaba a kan tabarma, rabin kuɗi.

Da an busa tashi ba na kashe talabijin sai an miƙa garkuwar, ko da inji na shan mai, domin waɗanda suka ci sun biya kuɗin ganin wannan ma. Daga nan in goge allo, in rubuta wasannin makon farko na Firimiya da lokutansu, tun mutane ba su watse ba. Mai son ya gwada idonsa ya rubuta abu uku da ya gani a wayarsa, wa ya fara a baya, wa yake bugun kwana, yaya sabon ɗan wasa yake motsi in ba ƙwallo a ƙafarsa, ya bar sakamakon a waje. A ƙarshen Satumba, bayan wasa biyar ko shida, ya buɗe ya gwada da abin da yake gani.